Yana Shaƙewa, Mu Muna Dariya

Ƴan uwana ɗalibai, kowace safiya a Ƙonni, a Malbaza, a Illela, tambayar farko da muke yi wa juna ta barci ce. "Ina kwana?" "Lahiya lau." Ba ka taɓa jin wanda ya amsa da cewa ya tashi da ciwon kai kamar an ɗora mishi turmi, ko ya kwana yana firgita. Mun iya tambayar kwana, amsar ce ba mu so. Wanda ya shekara 60 a duniya ya yi kusan 20 daga ciki a kwance, amma da wuya ka ga ɗan garinmu ya nufi likita don barcinsa ya lalace.

Abin da muka iya shi ne yanke hukunci. Mai minshari, a ce ya ƙoshi da tuwo, a sa mishi suna injin niƙa. Mai gyangyaɗi a aji, a ce malalaci ne, mushe ya fidda shi rana. Wanda ya farka cikin dare ya kasa motsi, a ce dannau ne, a kai shi inda za a yi mishi hayaƙi a karɓe kuɗin uwarsa. Duk hukuncin nan an yanke shi ba shaida. Alhali barci abu ne da ake aunawa, kamar yadda ake auna zazzaɓi da hawan jini, kuma an fi shekara 50 ana auna shi. Wannan takarda faɗa ce da masu dariya, da masu zagi, da masu cin kasuwa a kan jahilcinmu.

Abin da ke faruwa a maƙogwaron mai minshari

In mutum ya yi barci, naman jikinsa na saki, har da na harshe da na maƙogwaro. Ga wasu mutane, musamman masu ƙiba, masu kaurin wuya, ko masu ƙaramin haɓa, hanyar iska na tsukewa. Iska na kutsawa da ƙyar, naman na kaɗawa, shi ne ƙarar da muke ji. Wani lokaci hanyar ta toshe gaba ɗaya. Ƙirji na ta ƙoƙari, iska ba ta shiga. Daƙiƙa 10, 20, wani ma ya wuce minti guda. Iskar oksijan ta jini ta yi ƙasa, zuciya ta rikice, sai ƙwaƙwalwa ta zabure shi, ya ja wani irin numfashi mai gurnani, ya koma barci bai ma san ya farka ba. Can kuma a sake.

Duk wanda ya taɓa kwana ɗaki ɗaya da irin wanga mutum ya san wannan shirun da ke shiga tsakanin minshari da minshari. Mu a nan ne muke cewa alhamdu lillahi, ya huta muna. To a cikin shirun nan ne yake shaƙewa.

Likitoci na kiran ciwon da suna apne, wato ɗaukewar numfashi cikin barci. Henri Gastaut da abokan aikinsa suka bayyana shi a Marsai ta Faransa a 1965, bayan sun sa wa masu ƙiba masu yawan gyangyaɗi na'ura suna barci. Ana ƙirga sau nawa numfashi ke ɗaukewa ko ke raguwa cikin awa guda. Daga 5 zuwa 15 ƙaramin ciwo ne, daga 15 zuwa 30 matsakaici, 30 zuwa sama mai tsanani. Ku yi lissafi da kanku: sau 30 a awa, cikin awa 7, sau 210 ke nan a dare guda. Da wani ne ke shigowa ɗakin babanka yana shaƙe mishi wuya sau 210 kafin asuba, da tuni unguwa ta fito da sanduna. Amma tun da naman wuyansa ne ke yi, sai mu ɗauke shi a waya mu tura a WhatsApp a yi dariya.

Ba ƙaramin abu ba ne a duniya. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya ce mutum kusan miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ke ɗauke da ciwon, miliyan 425 daga ciki nasu matsakaici ne ko mai tsanani. Kuma an tabbatar yana da hannu a hawan jini, musamman irin wanda ake ta shan magani ya ƙi sauka, yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya, yana tafiya tare da ciwon suga. Alhazai nawa muka sani masu tumbi, masu minshari, masu gyangyaɗi a shago da hantsi, da aka wayi gari aka ce ɓarin jikinsu ya mutu? Muka ce iska ta buge su, ko kishiya ta yi jifa. Ba wanda ya tambayi matar da ta shekara 20 tana jin shirun nan.

Yadda ake awon barci

Sunansa a bakin likitoci polisomnografi. Mutum ya je asibiti da dare da kayan barcinsa. A manna mishi ƴan wayoyi a fatar kai don a ga aikin ƙwaƙwalwa, biyu a gefen idanu, wasu a haɓa da ƙafafu don motsin nama, wasu a ƙirji don bugun zuciya. A sa ɗan bututu a ƙofar hanci mai jin shigar iska da fitarta, a ɗaura ɗamara biyu, ɗaya a ƙirji ɗaya a ciki, a maƙala mishi ƴar na'ura a yatsa mai auna oksijan. Ba allura, ba yanka, ba wutar da ke shiga jiki. Ya kwanta, kwamfuta ta kwana tana rubutu, wani lokaci da kamara.

Da safe likita ya bi rubutun, daƙiƙa 30 bayan daƙiƙa 30. Zai ga minti nawa mutum ya ɗauka kafin barci ya kwashe shi, nawa ya samu na barci mai nauyi, nawa na mafarki, sau nawa ya zabura. In ɗamarar ƙirji na motsi amma bututun hanci ya yi shiru, maƙogwaro ne ya toshe. In duka biyun sun tsaya, ƙwaƙwalwa ce ba ta aiko da umarnin numfashi ba, kuma wannan wani ciwo ne daban mai magani daban. Mai lafiya oksijan ɗinsa na tsayawa 95 cikin 100 zuwa sama. Mai tsananin apne ana iya ganin nasa ya faɗa ƙasa da 80. Yaron da ke tashi cikin dare yana ihu ko yana fizge-fizge, rubutun ƙwaƙwalwarsa na taimakawa a rabe firgitar barci da farfaɗiyar dare. Ido ba ya iya raba waɗannan, balle hayaƙi.

Kada wani ya ce wannan ilimin bai taɓa taka ƙasarmu ba. A shekarun 1980, likitan Faransa Alain Buguet da abokan aikinsa ƴan Nijar sun yi irin wanga awo a sashen koyon likitanci na Jami'ar Yamai, wadda yau ake kira Abdou Moumouni. Sun binciki yadda ake barci a yanayi irin namu na zafi da bushewa, kuma a 1989 sun buga sakamakon awon awa 24 da aka yi wa mai ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa. Wannan aiki da waɗanda suka biyo baya a wasu ƙasashen Afirka sun nuna abin da ya saɓa wa sunan ciwon kansa: masu shi ba su fi kowa yawan barci ba, agogon jikinsu ne ya wargaje, barci da farkawa suka watsu dare da rana. Shekara da shekaru ana kallon marasa lafiyar nan da ido ana kuskure, sai da aka auna. Darasin ke nan.

Dannau

Na san a nan ne wasu za su ɗaure fuska. Ku saurara tukuna. A 1953, a Jami'ar Shikago ta Amurka, Eugene Aserinsky da malaminsa Nathaniel Kleitman suka gano cewa akwai lokutan da idon mai barci ke yawo da sauri a ƙarƙashin fata, kuma galibi a lokacin ne ake mafarki. Daga baya Michel Jouvet a Liyon ya nuna cewa a wannan mataki ƙwaƙwalwa na aiki kamar ta mai ido biyu, amma ta kashe ƙarfin naman jiki. Rahama ce: ba don haka ba, mai mafarkin gudu da ya tashi ya faɗa rijiya.

Dannau shi ne hankali ya farka kafin a kwance wa jiki wannan ɗauri. Kana ji, kana gani, ba ka iya ɗaga yatsa. Numfashin wannan mataki gajere ne, shi ya sa ake jin kamar an hau ƙirji. Guntun mafarki bai gama wucewa ba, shi ya sa ake ganin inuwa a bakin ƙofa. Daƙiƙoƙi ne ko ƴan mintoci, ya sake ka. Wani nazari na 2011 da ya tattara bincike masu yawa ya samu kusan mutum 8 cikin 100 sun taɓa yin sa, amma a cikin ɗalibai 28 cikin 100. Me ya sa ɗalibai? Ko aljanu sun fi son masu shirin BAC ne? Abin da ke jawo shi sananne ne: ƙarancin barci, rikita lokacin kwanciya, damuwa, kwanciya rigingine. Mu ne ke raba dare da Nescafé da shayi muna haddar darasi.

Ban ce kowa ya bar addu'ar kwanciya ba. Addu'a ba ta taɓa hana neman magani ba, malamanmu na gaskiya su ne farkon faɗin haka. Faɗana da wanda ke karɓar akuya da jika goma a hannun gwauruwa don ya kori abin da barcin awa 8 zai kora. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar nan rashin saninmu ce.

Wanda muka sa wa suna malalaci

Mu faɗi gaskiya, yawancin masu gyangyaɗi a ajinmu ba ciwo gare su ba. Matashi ɗan shekara 13 zuwa 18 na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10, babba aƙalla awa 7. Wanda ya zauna fada har ƙarfe ɗaya, ya sha shayi na ɗaya da na biyu da na uku, ya shiga ɗaki ya buɗe TikTok, ya tashi asuba, wannan shi ya ci bashin barci, kuma barci ba ya yafe bashi. Sinadarin da ke cikin shayi da kofi na ɗaukar wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jini. Wannan ba ya buƙatar na'ura, tarbiyyar kai yake buƙata.

Amma akwai wanda zai kwana awa 9 kuma barci ya kayar da shi yana cikin cin abinci. Akwai wadda in ta yi dariya sosai gwiwoyinta su saki ta zube tana ji tana gani. Likitan Faransa Gélineau ya ba ciwon suna narkolepsi tun 1880, kuma yau an san yawanci rashin wani sinadari ne a ƙwaƙwalwa mai riƙe mutum a farke. Ya fi farawa a shekarun kolej da lise. Ana gane shi da awon dare, sannan washegari a ba mutum damar kwanciya sau 5, awa biyu-biyu tsakani. In a matsakaici barci na kwashe shi cikin minti 8 ko ƙasa, kuma sau biyu ko fiye ya faɗa matakin mafarki nan take, an kama ɓarawon. Akwai magani, akwai tsarin ɗan barcin rana da ke ba shi damar karatu. A wurinmu kuwa, yarinyar da ta zube a aji an riga an gama magana: iskoki. A cire ta daga lakkwal, a yi mata aure, a huta.

Haka ƙananan yara masu minshari da baki buɗe, masu fitsarin kwance, marasa natsuwa da rana. Sau da yawa ƴan kumburin nama ne a bayan hanci da gefen maƙogwaro suka tare hanya, likitan kunne da hanci da maƙogwaro ke duba su. Mu sai a kira wanzami ya yanke beli, a zubar da jini, toshewar na nan inda take.

Kan kwalta

Wanda ya ce wannan ciwon masu kuɗi ne, ya fito bakin RN1 da dare. Daga Ƙonni zuwa Yamai kusan kilomita 420 ne. Manyan motoci na ɗaukar albasar Galmi zuwa Akara da Abijan, na ɗaukar simintin Malbaza, motocin fasinja na karyawa a Tsarnawa su nufi Badagishiri da Tawa. Direban babbar mota yana zaune yini da kwana, yana ci a tasha, yana ƙiba, yana kwana guntu-guntu a ƙarƙashin mota. Shi ne ainihin wanda apne ke so.

Mota mai gudun kilomita 90 a awa na cin mita 25 a daƙiƙa guda. Direba ya lumshe ido daƙiƙa 4, motar ta yi mita 100 ba mai tuƙi. Masu bincike a Ostareliya sun nuna a 1997 cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, hankalinsa na raguwa kamar na wanda ya sha giya daidai iyakar da ƙasashe da yawa ke hana tuƙi. Mu da ba za mu taɓa shiga motar mashayi ba, muna yabon direban da bai kwana ba, muna ce mishi namijin duniya. Tun 2014 Tarayyar Turai ta sa wanga ciwo cikin abin da ake dubawa a dokar lasisin tuƙi.

Ga kuma maganin da ƴan uwanmu ƴan kabu-kabu da masu aikin ƙarfi suka samo wa kansu: tramol da safe don a kori gajiya, ƙwayar sa barci da dare don a kwanta. Tramol dangin magungunan da ke danne numfashi ne, ƙwayar barci kuwa na ƙara sakin naman maƙogwaro. Mai apne da ya haɗa su ya taya ciwonsa aiki.

"Ku bari mu gama da masassara tukuna"

Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ba zan raina ta ba. Za a ce ƙasar da yara ke mutuwa da masassarar cizon sauro da tamowa, ina ita ina ɗakin awon barci? Za a ce maganin ma injin ne mai hura iska ta hanci duk dare, wanda Colin Sullivan ya fito da shi a Sidni a 1981, Faransawa na ce mishi PPC, kuma wuta yake so. Mu da muka ga duhun da aka shiga a 2023 lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar muna, wa zai gaya muna?

Amsa ta farko, awo hawa-hawa ne, kuma matakin ƙasa kyauta ne. Akwai tambayoyi 8 da Frances Chung ta tsara a Toronto a 2008: kana minshari mai ƙarfi? Kana yawan gajiya da rana? An taɓa ganin numfashinka ya ɗauke? Kana da hawan jini? Sai ƙiba, shekaru sama da 50, kaurin wuya da ya wuce santimita 40, da kasancewa namiji. Wanda ya amsa e sau 3 ko fiye, a duba shi. Sau 5 zuwa sama, haɗarin babba ne. Majo a CSI na iya yin wannan cikin minti biyu da igiyar awo ta tela. Mai fama da rashin barci ma ba na'ura ake fara sa mishi ba, littafi ake ba shi ya rubuta lokacin kwanciya da tashi na sati biyu.

Ta biyu, akwai ƙaramar na'ura da ake ba mutum ya tafi da ita gida: bututun hanci, ɗamara, da abin yatsa, da batir take aiki. Ba ta kai cikakken awo ba, amma tana kama apne mai toshewa. Guda ɗaya na iya zagaya gidaje ɗaruruwa a shekara.

Ta uku, ba kowa ke buƙatar injin ba. Rage ƙiba, kwanciya a gefe, barin ƙwaya da taba, buɗe hancin da ya toshe, ko aikin maƙogwaro ga yara, duk suna cikin magani. Mai buƙatar injin kuwa, batir da faifan sola na iya riƙe shi. Gidaje nawa ke kallon ƙwallo da sola? Kuma a auna tsadar da ta jinyar shanyayyen uba shekara biyar, ko ta mota guda da ta kife da fasinja.

Abin da ke wuyanmu

Mu roƙi hukumomin kiwon lafiya na jihar Tawa su sa tambayoyin nan cikin duban masu hawan jini da masu suga, su samar da ƙananan na'urorin nan a asibitocin gundumomi, su tsara hanyar tura masu buƙatar cikakken awo zuwa manyan asibitoci. Ƙungiyoyin direbobi su sa maganar cikin duban lafiyar mambobinsu, a kan sharaɗin a yi wa mutum magani ya koma bakin aikinsa, don in kora ce sakamakon, kowa zai ɓoye. Malamanmu na makaranta, kafin bulala a yi tambaya: ƙarfe nawa ka kwanta? Ƴan uwanmu da ke karatun likita a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Sakkwato, ga fagen da ba cunkoso.

Mu kuma da ke kwana uku-uku, huɗu-huɗu a ɗaki, kowane ɗayanmu shaida ne a kan na kusa da shi. Mai minshari bai taɓa jin kansa ba. In ka ji shirun nan, duba agogon wayarka ka ƙirga. In ya kai daƙiƙa 10 kuma yana maimaituwa, ka naɗi sautin, da safe ka ja shi gefe ka kunna mishi shi kaɗai, sannan ka raka shi likita. In baba ne, ka bi ta hannun inna cikin ladabi. Zai yi gardama, zai ce shi bai taɓa minshari ba. Ka bar shi ya gama, ka sake kunna mishi.